LIKITAN BIN SAWU DA MAGANIN DA KE JAWO SANKARA

 Ina gaishe ku duka, musamman mutanen ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, gama zancen yau ya fi kusa da ku.

Likitan da kuka saba da shi mutum ɗaya ya kan duba. Ya tambaye ka inda ke ciwo, ya auna ka, ya rubuta magani, ka tafi, wani ya shigo. To, akwai wani irin likita kuma wanda ba safai ya kan riƙe allura ba. Kayan aikinsa takarda ne da alƙalami da yawan tambaya, abin da ya ke dubawa kuwa gari ne ɗungum. In an kore wa mutum shanu da dare a kan kira mai bin sawu, ya bi ƙasa a hankali har ya kai inda aka shiga da su. Haka shi ma ya ke bin cuta har gidan da ta fito. Turawa suna da wani dogon suna da su ke kiransa da shi, mu dai bari mu ce likitan bin sawu.

Da yawa daga cikinku kun ga aikinsa da idonku. A cikin watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen neman sanƙarau, suka iske yara ƙanana suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro ya yi amai, ya shiɗe, ya cika. An ba da maganin zazzaɓin sauro, an ba da na sanƙarau, ba wanda ya yi amfani. A watan Mayu sai ga likitocin bin sawu, na Najeriya da na hukumar CDC ta Amurka, suka sauka Dareta da 'Yargalma, suka bi gida gida. Gida 119 suka shiga. Suka ƙidaya yara 463 waɗanda ba su kai shekara biyar ba, suka tarar 118 daga cikinsu sun rasu a cikin shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu ke nan. Fiye da takwas cikin goma na waɗanda suka rasu sun yi shiɗewa kafin ajali. Sa'an nan suka tambaya, a wane gida a ke daka dutsen zinariya, a wane gida ba a yi? Uwar wane yaro ke taɓa dutsen? Da aka jera amsoshin, aka auna jini, aka auna ƙasar tsakar gida, sawu ya tsaya a kan dalmar da ke cikin dutsen. Yara wajen 400 suka tafi a wannan annoba, Allah ya jiƙansu.

Akwai wani abu kuma da aka yi a lokacin wanda ba kowa ya lura da shi ba. Maganin da aka ba yara don ya fid da dalma daga jini, wanda a ke kira DMSA, shi kansa an bi sawunsa. Iyayena mata da suka yi jinya a Anka da Bukkuyum za su tuna yadda a ke ta ɗibar jinin yaro, har wasu na ƙorafi. Ba dalma kaɗai a ke aunawa ba, ana duba ko maganin ya taɓa hanta ko ƙwayoyin jini. A shekarar farko an rubuta labarin yara 1,156, aka buga shi a 2014, aka ga maganin bai yi wa yara wata mummunar ɓarna ba. Yau likitan wata ƙasa da ya sami yaro mai dalma a jini yana iya dogara da abin da aka koya daga 'ya'yanku.

To, dalma mai saurin kisa ce, sawunta ɗanye ne. Abin da ya fi wuya shi ne maganin da za a sha yau, a ji daɗinsa, sa'an nan bayan shekara goma sha biyar ko ashirin sankara ta fito, wadda wasu ke kira ciwon daji. Wannan sawu ne da damina ashirin ta bi ta kansa. Wanda ya ba da maganin ya manta, wanda ya sha ya manta. Ku saurari yadda aka taɓa gano irinsa.

A 1938 aka haɗa wani magani a Ingila, sunansa stilbestrol, a taƙaice DES. Likitocin Amurka da na Turai suka shiga ba mata masu ciki, a kan cewa yana hana ɓari. Mata miliyoyi suka sha. A 1953 aka gwada shi sosai a birnin Shikago, aka ba wasu mata, aka hana wasu, aka ga ba ya hana ɓarin ko kaɗan. Duk da haka aka ci gaba da rubuta shi, don an ɗauka in bai yi amfani ba ai ba ya cutarwa. Wannan zato kuwa har gobe ina jin sa a bakin mutane.

Tsakanin 1966 da 1969 sai aka riƙa kawo 'yam mata wani babban asibiti a birnin Boston da wata irin sankara a gabansu, ta ciki. Shekarunsu daga 15 zuwa 22. Irin wannan ciwo a da sai ga tsofaffi a kan gan shi, su ma jefi jefi. Likitocin mata biyu, Arthur Herbst da Howard Ulfelder, suka rasa dalili. Wata daga cikin iyayen ce ta ce wa likita ita fa ta sha DES sa'ad da ta ke da cikin yarinyar, ko shi ne? Maganar uwa ɗaya ba ta isa hujja ba, amma ba a yar da ita ba. Suka jawo wani likitan bin sawu, David Poskanzer, suka shirya tambayoyi tare.

Ga dabarar, ku lura da ita. 'Yam mata takwas ke da ciwon. Kowace ɗaya aka nemo mata 'yam mata huɗu masu lafiya waɗanda aka haifa a asibiti ɗaya da ita, cikin kwanaki biyar da haihuwarta, suka zama 32. Don me? Don in ka tambayi marasa lafiya kaɗai, duk za su ce maka sun ci tuwo, sai ka ce tuwo ne mai laifi. Sai ka tambayi masu lafiya su ma, sa'an nan ka ga abin da ya raba su. Aka yi wa iyaye duka tambayoyi iri ɗaya, na shan taba, na shayarwa, na magungunan da aka sha da ciki, da sauransu. Cikin iyaye takwas na masu ciwo, bakwai sun sha DES. Cikin 32 ɗin nan ko ɗaya ba ta sha ba.

Aka buga wannan a watan Afrilu na 1971. Kafin shekarar ta ƙare hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi likitoci su daina ba masu ciki, ko da ya ke a Faransa sai 1977 aka bari. Herbst ya buɗe littafi na rubuta duk mai irin wannan ciwo, daga nan aka san cewa misalin ɗaya cikin dubu na 'ya'ya matan da aka haifa da maganin ke kamuwa. Ɗaya cikin dubu, ina likitan da zai gane wannan a ɗakin dubawarsa? Sai an tara, an ƙidaya. Tun daga ran nan aka tabbata cewa abin da uwa ta sha yana iya jiran ɗiyarta har ta isa aure.

Kada ku ce wannan labarin Turawa ne. Dattawa za su tuna ƙwayar A.P.C., ta ciwon kai na ke nufi, wadda a da kowane ɗakin magani ke bayarwa. Ɗaya daga cikin abubuwa uku da ke cikinta sunansa fenasetin. A ƙasar Suwizalan aka fara lura cewa masu shansa kullum, kamar ma'aikatan gidajen ƙera agogo, ƙodarsu na lalacewa, daga baya aka gano yana kawo sankarar ƙoda da ta hanyar fitsari. Amurka ta hana shi a 1983. Farasitamol ne ya maye gurbinsa.

Na gargajiya ma bai tsira ba, a nan kuwa na ke so ku kasa kunne da kyau. A farkon shekarun 1990, a babban birnin Beljiyam, wani gidan rage ƙiba ya ba mata ƙwayoyin da aka haɗa da saiwar wani tsiro daga ƙasar Sin. Mata fiye da ɗari ƙodarsu ta lalace. A 2000 aka duba 39 daga cikin waɗanda ƙodarsu ta mutu sarai, aka sami sankara a hanyar fitsarin 18. Dangin wannan tsiro masana na kiransa Aristolochia, muna kuwa da ɗan'uwansa a dajinmu. Shi ne madacin ƙasa, wasu su ce duman dutse. Likita Dalziel ya rubuta shi a littafinsa na sunayen itatuwa da Hausa tun 1916. Kakanninmu sun sha saiwarsa don ciwon ciki da kurkunu. Masu bincike sun sami irin gubar nan a cikin saiwar tamu. Kurkunu dai an gama da shi, tun 2013 aka shaida babu shi a Najeriya. Ni a ganina ba sauran dalilin da zai sa mutum ya jiƙa wannan saiwa ya sha, balle ya ɗura wa yaro. Ba raina masu maganin gargajiya na ke yi ba, da yawansu mutanen kirki ne. Amma mai magani ya kan ga wanda ya warke cikin mako, ba ya ganin ƙodar da za ta gaza bayan shekara goma.

Wani zai ce, to, ashe gara a guji magani gaba ɗaya. A'a. Ƙidayar da ke kama mai laifi ita ce kuma ke wanke marar laifi, kamar yadda ta wanke maganin dalma a Anka. Har ta kan nuna wanda ke tsare mutum daga sankara. A tsibirin Taiwan an fara yi wa jarirai allurar rigakafin ciwon hanta a 1984, da aka bi sawu shekaru bayan haka aka ga sankarar hanta ta ragu da kusan rabi a cikin yara. Wannan allura tana cikin waɗanda a ke yi wa jariranmu kyauta tun ranar haihuwa. Mai hawan jini ko ciwon sukari kuma kada ya ajiye maganinsa don ya ji wannan jawabi, sai ya zo mu yi magana.

Likitan bin sawu ba ya iya kome sai da abin da aka rubuta da abin da kuka faɗa. Don haka aka buɗe littafin rubuta masu sankara a Ibadan tun 1960. Naku rabon aikin ba shi da wuya. Katin asibiti ku adana shi cikin leda, na awon ciki ma kada a yar bayan suna. In malamin asibiti ya tambaye ki abin da kika sha da ciki, ki faɗa duka, da na kemis, da na mai talla a kasuwa, da jiƙon da kakar yaro ta kawo. Ba don a yi miki faɗa ba ne. Maganin da aka ƙulla a leda, ba suna, ba lambar NAFDAC, in ya yi ɓarna ba wanda zai iya bin sawunsa, saboda haka kada a saya. Wanda ya daɗe yana shan wata ƙwaya ko wani jiƙo kullum, ya zo da kwalin ko saiwar mu gani. Babba kuma da ya ga jini a fitsarinsa, kada ya yanke wa kansa hukunci cewa tsargiya ce. Ya zo a auna, in abin ya fi ƙarfinmu mu rubuta masa takarda zuwa Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A kwana lafiya.