Gadarif: Inda ake tuna magabata da suna maimakon mutum-mutumi

A ƙasashen Turai, ko ƙaramin gari ne za ka tarar da mutum-mutumin wani gwarzo a dandali. A Sudan abin ya sha bamban, kuma birnin Gadarif da ke gabashin ƙasar, wanda ya yi suna wajen noman riɗi da dawa, ya isa misali.

A ƙarni na 19 ana kiran garin Suk Abu Sin, wato Kasuwar Abu Sin, da sunan gidan sarautar ƙabilar Shukriyya. Sunan ya yi aikin da dutsen tunawa ke yi a wasu wurare.

Turawan Ingila sun gwada nasu salon a Khartoum. Sun kafa mutum-mutumin Janar Gordon a kan raƙumi da na Kitchener a kan doki. Kitchener ɗin nan shi ne ya sa aka rusa ƙubbar Mahadi a Omdurman a 1898, shekarar da dakarun Masar da Ingila suka ƙwace Gadarif daga hannun mahadiyawa. An sake gina ƙubbar a 1947. Su kuwa mutum-mutumin biyu, bayan samun 'yancin kai a 1956 an sauke su an mayar Ingila. Na Gordon yana wata makaranta kusa da garin Woking.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Malaman Musulunci da dama na ƙyamar sassaƙa siffar mutum, shi ya sa ƙubba da masallaci da sunan gari suka ɗauki wannan nauyi. Wanda ya taɓa ziyartar Hubbaren Shehu a Sakkwato ba zai ga baƙon abu ba.

Ga Hausawa da Fulanin Sudan, waɗanda akan haɗa a kira Fallata, babban abin tunawa gari ne sukutum: Mai Wurno, a bakin kogin Blue Nile a jihar Sennar, maƙwabciyar jihar Gadarif. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da sauran jama'a har suka zauna a can. Duk wanda ya ambaci garin ya ambaci Wurno ta Sakkwato, ko ya sani ko bai sani ba.

Sai dai wannan irin tunawa tana da rauninta. Dutse yana nan ko babu kowa, amma labarin da ke bayan suna yana bakin dattawa ne, kuma sai jama'a na zaune wuri ɗaya yara ke jin sa. A tsakiyar 2024, lokacin da dakarun RSF suka kama Singa, babban birnin jihar Sennar, dubban mutane sun bar gidajensu, da yawansu kuma Gadarif suka nufa.