Hamadar da Ke Shan Hazo

Tun kafin rana ta fito, a kan tudun rairayin hamadar Namib, wani baƙin ƙwaro ɗan ƙarami yakan hau can ƙololuwa, ya kifa kansa ƙasa, ya ɗaga bayansa sama, ya fuskanci iskar da ke tasowa daga teku. Hazon da iskar ta kwaso sai ya taru a gadon bayansa, ya zama ɗigon ruwa, ya gangaro har bakinsa. Da haka yake karya kumallo.

Bahaushe ya saba da hazon hunturu mai ƙura da fasa leɓe. Na ƙasar Namibiya jiƙaƙƙe ne. Igiyar ruwan sanyi ta Benguela ce ke bin gaɓar tekun Atilantika tana sanyaya iska, ta hana hadari haɗuwa, ta bar hamadar da hazo a madadin damina. A garin Swakopmund da ke bakin teku, ruwan saman shekara guda bai cika kai milimita 20 ba. Masana sun ƙiyasta cewa yankin ya yi aƙalla shekara miliyan 55 a bushe, shi ya sa ake ɗaukar Namib a matsayin hamada mafi tsufa a duniya.

Wannan fari ne baƙi ke biyan kuɗi su zo kallo, a tafiyar da suke kira safari, kalmar da ta samo asali daga Larabci kamar safarar da muka sani. A Sossusvlei akan yi sammako a hau tudu kafin rairayi ya ɗauki zafi. Ja ne wur saboda tsatsar ƙarfen da ke jikin ƙwayoyinsa, kuma wasu tuddan sun haura mita 300. A gindinsu akwai Deadvlei, wani farin fili mai tsattsagewa kamar busasshen tabki. Da can kogin Tsauchab yakan kawo ruwa nan, har itatuwan ƙaya suka tsiro. Da rairayi ya tare hanyar kogin sai suka mutu. Ɗaruruwan shekaru ke nan suna tsaye, baƙi ƙirin, don babu danshin da zai ruɓar da su.

Mai son ganin namun daji kuwa sai ya nufi arewa, gandun Etosha, wanda aka keɓe tun 1907. Can ba a wahalar neman dabba. A rani ruwa ne ke kawo ta. A mashayar Okaukuejo an kafa fitilu, baƙo na zaune bayan katanga da dare sai ga raƙumin dawa ya ware ƙafafu yana sha, jakunan dawa na jiran layi, can kuma baƙar karkanda ta fito daga duhu tana huci. A yankin Kunene ma akwai giwayen da suka saba da hamada, suna bin busassun koguna irin su Hoanib, suna tona rairayi da ƙafa da haure har ruwa ya tsattsafo.

To amma giwar da baƙo ke ɗauka hoto ita ce ke fasa wa makiyayi tankin ruwa. Namibiya ta gane haka da wuri. Bayan samun 'yancin kai a 1990, ta yi doka a 1996 wadda ta ba mutanen karkara ikon kula da namun dajin yankunansu da cin gajiyar kuɗin masu yawon buɗe ido. Yau irin waɗannan yankuna sun haura 80, kuma 'ya'yan makiyaya da dama sun zama masu gadin daji da 'yan rakiyar baƙi. Tsari ne mai hankali, sai dai ba ya sa a yi ruwa.

A 2024 fari ya tsananta har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. A watan Agusta ta sanar da cewa za a kashe namun daji 723, ciki har da giwaye 83 da jakunan dawa 300, a raba naman ga masu fama da yunwa.