Akwatin Rediyon Da Ya Ƙi Magana

Wani malamin makaranta a Bodinga ya sayi tsohon akwatin rediyo a hannun 'yan gwangwan, irin manyan nan ƙirar Japan na shekarun 1970, waɗanda ba su da lasifika a jikinsu sai an jona musu guda biyu, dama da hagu. Nufinsa ya riƙa jin labarun Rima Rediyo, ranar taron makaranta kuwa ya ara wa hedimasta. Da ya kunna, fitilu suka kama, allurar da ke nuna ƙarfin tasha ta motsa, amma ko tari akwatin bai yi ba. Maƙwabta suka ce ai mushe ya sayo, gara ya fasa ya sayar da jan ƙarfen ciki a kan sikeli. Bai yarda ba, ya ɗauke shi ya bi hanyar Tambuwal zuwa Shagari, wurin wani dattijo mai gyara. A gabana aka yi aikin, shi ya sa na ga ya kamata malamai su ji yadda ya gudana.

Dattijon bai taɓa sukudireba ba tukuna. Ya fara karanta rubutun bayan akwatin, domin wutar ƙasarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan kuwa 100, akwatuna da yawa kuma nan suke hallaka tun ranar farko. Wannan dai ya dace da tamu. Sa'an nan ya kwance wayar kowace lasifika ya taɓa ta a kan batirin tocila guda. Duk biyun suka yi ƙwas, watau lafiyarsu lau. Ya duba maɓallin zaɓen lasifika, da wanda aka rubuta wa Tape Monitor, wanda in yana danne akwati sai ya yi ta jiran sauti daga rikodar da babu ita.

Daga nan ya ce kowa ya yi shiru, ya sake kunnawa. Bayan 'yan daƙiƙoƙi muka ji wani ɗan ƙas daga ciki. Wannan shi ne rile, makunni mai aiki da kansa, wanda ba ya sakar wa lasifika sauti sai ya tabbata babu wutar da za ta ƙone ta. Da bai yi ƙara ba, to, da zancen ya koma kan manyan taransistoci, aikin mita da dalma da kuɗi masu kauri. Tun da ya yi, sashen ƙara ƙarfi yana da rai, sauti ne kawai ba ya isa gare shi.

Ashe a bayan akwatin akwai ramuka huɗu inda waɗansu 'yan ƙarafa biyu masu lanƙwasa suke zama gada tsakanin sashen daidaita murya da sashen ƙara ƙarfi. An zare su, wataƙila yara ne, wataƙila masu awon ƙarfe. Ya haɗa ramukan da gajerun wayoyi biyu, nan take lasifikar dama ta ɗauka. Ta hagu kuwa sai ɓarɓarniya, har da ya cire filogi ya goge bakin rilen da 'yar takarda, ya fesa wa maɓallan maganin wanke su, gama ƙurar hunturu ta shekaru ta daskare a ciki.

Amma fa kada mai karatu ya ji wannan ya cusa hannu. Manyan kwandensocin ciki suna iya riƙe wuta ko bayan an cire filogi, fis kuma in ya ƙone a sa mai lamba irin tasa, kada a naɗa masa waya kamar yadda waɗansu ke yi. Malamin ya biya ladan aiki da kuɗin wayoyi biyu, kafin la'asar ya ɗaura akwatinsa a bayan babur ya nufi Bodinga.