Famfon taya: abin dubawa kafin ku saya

Daga Zongon Lome zuwa Cinkassé tafiya ce ta fiye da kilomita 600, ga hawa da gangaren Aledjo tsakanin Sokode da Kara. Tayar da iskarta ta yi ƙasa takan ɗauki zafi a ƙarƙashin lodi, har ta fashe mota na cikin gudu, sau da yawa a inda babu asibiti kusa, babu mai faci. Ƙaramin famfo a bayan mota yana rage wannan haɗari.

In za ku saya, ku fara duba gejinsa, domin famfon da ba ya nuna yawan iska zato kawai yake sa ku yi. A Togo da Benin an saba auna iska da bar, a Gana da Najeriya kuwa da psi. Bar ɗaya kusan psi 14.5 ne, wato bar 2.2 daidai yake da psi 32. Ku zaɓi mai nuna duka biyun. Adadin da motarku ke buƙata galibi yana rubuce a jikin ƙofar direba.

Famfo mai volt 12 da ake jonawa a wurin kunna sigari ya wadatar da ƙaramar mota, muddin wayarsa ta kai tayoyin baya. Bas mai ɗaukar kaya gara a nema mata wanda ake maƙalawa a batir. Mai caji yana da daɗin ɗauka, amma cajinsa kan ƙare a hanya.

Ku auna da safe kafin taya ta yi zafi, har da tayar ajiya. In ta yi zafi a hanya, kada ku rage mata iska.