Yadda mai ƙaramin ƙarfi zai zaɓi kwamfuta ta hannu domin ɗaukar waƙa a gida

Yola – A unguwannin Jimeta da cikin garin Yola, matasa da dama sun mayar da wani lungu na ɗakunansu ƙaramin situdiyo, inda suke ɗaukar waƙoƙin Hausa da Fulatanci, da na biki, da na bege, da na ƙungiyoyin mawaƙan coci. Abin da a da sai an je Kano ko Jos ko Legas kafin a same shi, yanzu kwamfuta guda da makirufo da akwatin sauti suna iya samar da shi.

Sai dai sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin aljihun mafi yawansu, don haka suke komawa ga ta hannu, wadda ake kira tokumbo. Galibin irin waɗannan kwamfutoci sun gama aiki ne a ofisoshin Turai da Amurka, aka shigo da su ta Legas, musamman kasuwar Computer Village da ke Ikeja, daga nan suka bi ta hannun dillalai zuwa shagunan Jimeta. Mai saye ba ya sanin tarihin abin da ke gabansa, kuma kuskure ɗaya na iya cinye kuɗin da ya shafe watanni yana tarawa. Abin da zai kare shi shi ne sanin abin da aikin sauti yake buƙata, da kuma gwada kwamfutar tun kafin ya miƙa kuɗi.

Abin da aikin sauti yake nema

Ɗaukar waƙa ya bambanta da rubutu ko kallon fim. Idan mawaƙi yana rerawa, dole kwamfuta ta karɓi muryarsa, ta haɗa ta da kiɗa, ta mayar masa da ita kunne nan take. Idan ta gaza ko da na ƙiftawar ido ne, za a ji ƙaras-ƙaras ko tsinkewa a cikin abin da aka ɗauka, kuma sau da yawa babu magani sai an sake rerawa.

Akwai kuma jinkiri tsakanin lokacin da murya ta fita da lokacin da mai ita zai ji ta. Manhajar ɗaukar sauti tana tara sautin ne kashi-kashi kafin ta sarrafa shi. Idan an saita girman kashin a kan 256, jinkirin kowane kashi bai wuce kusan kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, wanda ba ya damun mawaƙi. Idan kwamfutar ba ta da ƙarfi har aka tilasta ɗaga shi zuwa 1,024, jinkirin zai ninka sau huɗu, mawaƙi ya riƙa jin muryarsa tana biyo shi a baya, ya kasa bin kiɗa. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya zama abu na farko da za a duba.

Zamanin furosesa ya fi sunanta muhimmanci

Masu saye da yawa suna ganin tambarin Core i7 sai su ɗauka magana ta ƙare. Kamfanin Intel yana fitar da furosesa ne zamani bayan zamani, kuma ana gane zamanin daga lambar da ke bin sunan. A cikin i5-8250U, lamba 8 da ke farko tana nuna zamani na takwas. A cikin i7-7500U kuma, zamani na bakwai ne. Ta farkon tana da cibiyoyin aiki huɗu, ta biyun kuwa biyu kacal gare ta. Saboda haka a aikin haɗa kiɗa mai layuka da yawa, wannan i5 ɗin ta fi waccan i7 ɗin, duk da cewa a shago ana iya tsawwala wa i7 kuɗi saboda sunanta.

Akwai wani dalili na biyu da ya sa zamani na takwas ya zama iyakar da ya kamata a lura da ita. Kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 tallafinsa na yau da kullum daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, yayin da Windows 11 a hukumance take buƙatar furosesar Intel ta zamani na takwas zuwa sama. Kwamfutar da ta gaza haka za ta ci gaba da aiki, kuma tana iya ɗaukar murya da ƴan layukan kiɗa, amma sannu a hankali sababbin manhajoji za su bar ta a baya. Wanda zai saye ta, to ya saye ta da arha, da sanin hakan.

Furosesar Ryzen 5 ta kamfanin AMD ita ma tana yin wannan aiki. Waɗanda ya kamata a kauce musu su ne ƙananan laftof masu Celeron ko Atom, da kuma Chromebook, wadda ba ta ɗaukar manyan manhajojin kiɗa na Windows.

RAM da ma'ajiya

RAM ita ce wurin da kwamfuta take shimfiɗa aikin da take yi a lokacin. Gigabait 8 shi ne mafi ƙarancin abin da zai wadatar. Wanda zai riƙa amfani da manhajojin da ke kwaikwayon ganguna da fiyano da goge a cikin kwamfuta zai fi samun sauƙi da gigabait 16. Ya dace a tambaya ko ana iya ƙara RAM daga baya, domin a wasu siraran laftof an manne ta a jikin allon injin, ba ta cirewa.

Ma'ajiya iri biyu ce: tsohon had-dis mai faifai yana juyawa, da SSD wadda babu abin da ke motsi a cikinta. SSD ta fi sauri nesa ba kusa ba, ba ta da ƙara, kuma ta fi jure girgizar hanya. Sauya had-dis da SSD na daga cikin gyare-gyare mafi arha da ke farfaɗo da tsohuwar kwamfuta.

Game da girma, layi ɗaya na murya da aka ɗauka a ma'aunin da situdiyo ke amfani da shi yana cin kusan megabait 9 a minti guda. Waƙar minti 5 mai layuka 24 za ta kai kusan gigabait 1, ban da maimaicin da aka yi kafin a dace. Ma'ajiya mai gigabait 256 za ta isa a fara, amma 512 ta fi kwanciyar hankali. Ko wacce aka samu, wajibi ne a riƙa kwafe ayyuka a wata ma'ajiyar ta waje, domin ma'ajiyar da ta riga ta yi shekaru tana aiki ba ta ba da sanarwa kafin ta mutu.

Zafin Yola da ƙurar hunturu

Yola na daga cikin garuruwan Najeriya mafiya zafi, inda a watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi kan haura digiri 40. Furosesa kuwa idan zafinta ya doshi digiri 100, tana rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. A lokacin ne waƙar da ta fara lafiya za ta soma tsinkewa, fankar ciki kuma ta ɗaga murya har makirufo ya ɗauke ta. Matsalar ta fi tsanani ganin cewa mai ɗaukar murya kan rufe taga ya kashe fankar ɗaki domin samun shiru.

Ƙurar hunturu ita ma tana toshe hanyoyin iskar kwamfuta. Don haka bayan saye, yana da kyau a kai ta wurin mai gyara ya share ƙurar ciki, ya sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta. A riƙa ɗora ta a kan tebur, a ɗan ɗaga bayanta, a guji ɗora ta a kan katifa ko darduma.

A nan ne kwamfutocin da aka ƙera domin ofis, irin su Dell Latitude da HP EliteBook da Lenovo ThinkPad, suka yi fice. Jikinsu ya fi ƙwari, buɗe su ya fi sauƙi, kuma kayan gyaransu sun fi samuwa a wurin masu gyara.

Laftof ko ta tebur

Da kuɗi ɗaya, kwamfutar tebur ta fi laftof ƙarfi, ta fi ta sanyi, ta kuma fi sauƙin ƙari. Rauninta shi ne da zarar an ɗauke wuta, aikin da ba a adana ba ya tafi. Wanda ba shi da sola ko inbata, laftof mai lafiyayyen batir ta fi masa, domin batirin shi ne kariyarsa.

Batir yana da wani amfanin. Caja marar inganci ko wutar janareta kan shigar da wani gunji a cikin sauti, wanda sau da yawa yake ɓacewa da zarar an zare cajar. Laftof mai iya riƙe wuta awa biyu tana ba da damar a kashe janareta, a ɗauki murya cikin shiru, sannan a mayar da wuta lokacin tace waƙar.

Gwaji kafin biya

Bahaushe ya ce ba a cinikin biri a sama. Kada mai saye ya dogara da tambarin da aka liƙa a jikin kwamfuta, domin ana iya sauya shi. Ya danna Ctrl da Shift da Esc a tare, shafin Task Manager zai buɗe, inda zai ga ainihin sunan furosesa da lambarta, da yawan RAM, da irin ma'ajiyar da ke ciki.

Domin sanin lafiyar batir, Windows tana da umarnin powercfg /batteryreport, wanda ke fitar da rahoton da ke kwatanta ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa yanzu. Idan ya faɗi ƙasa da rabi, sai a sa kuɗin sabon batir a cikin lissafin ciniki.

A gwada kowace kafar USB da filashi, domin ta nan akwatin sauti da fiyano za su shiga. Laftof mai kafa uku ta fi mai biyu. A bar kwamfutar tana aiki mai nauyi na minti 15 zuwa 20, ana sauraren fankarta, ana taɓa ƙasanta. Wanda ya riga ya mallaki akwatin sauti ya tafi da shi shagon, ya ɗauki murya a gaban mai kaya.

A tabbatar babu kalmar sirri da aka kulle injin da ita tun daga kunnawa, haka nan idan MacBook ce, a tabbatar an cire asusun mai ita na farko. A ƙarshe a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar da sunan shago, tare da rubutacciyar yarjejeniyar kwanakin da za a iya mayar da ita. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, kuma rasit shi ne shaidar mai saye idan magana ta taso.

Kada kwamfuta ta cinye kuɗin duka

Kwamfuta ba ta ƙara wa murya daɗi. Ingancin abin da aka ɗauka ya fi dogara ne ga makirufo, da akwatin sauti, da kuma ɗakin. Akwatin sauti, irin Focusrite Scarlett ko Behringer U-Phoria, shi ne ke mayar da murya zuwa abin da kwamfuta ke fahimta, shi ne kuma ke ba makirufon situdiyo wutar bolt 48 da yake buƙata. Wanda ya zuba duk abin da ya tara a kan kwamfuta, ya koma rerawa da makirufon da ke jikinta, bai amfana da ƙarfinta ba. Labule masu kauri da katifa a jingine da bango suna rage amsa-kuwwar ɗakin siminti ba tare da an kashe ko sisi ba.

Haka batun manhaja. Audacity kyauta ce, kuma ta isa ɗaukar murya da ƙasida. Reaper tana ba da gwajin kwana 60, kuma ba ta da nauyi a kan tsohuwar kwamfuta. FL Studio, wadda masu haɗa kiɗa a Najeriya suka fi sabawa da ita, tana da nau'in gwaji da ke barin mutum ya yi aiki ya fitar da waƙa, sai dai ba ya sake buɗe aikin da aka adana har sai an biya. Manhajojin sata da ake loda wa masu saye a matsayin kyauta kuwa sukan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta, waɗanda ke cinye ƙarfin furosesa ko su lalata ayyuka.

Farashi yana hawa da sauka tare da canjin dala, don haka ya dace a zagaya shaguna uku ko huɗu a Jimeta kafin a yanke shawara, a kuma tafi da wanda ya san kwamfuta. Ga mai farawa, laftof ɗin ofis mai Core i5 ta zamani na takwas, da RAM gigabait 8 da ake iya ƙarawa, da SSD, da batir mai riƙe wuta, za ta ɗauke shi shekaru yana aiki, muddin ya gwada ta da hannunsa kuma ya rage kuɗin makirufo da akwatin sauti.