Majalisar Dare a Mubi: Yadda Hira da Abokai Ke Sauke wa Mutum Gajiya

Hausawa na cewa dare mahutar bawa, amma duk wanda ya taso a harkar shanu ya san akwai daren da ba a hutawa. Jiki yana kan katifa, hankali yana kan tirelar da ta ɗauki hanyar Legas: ko ta wuce shingen bincike lafiya, ko wani sa ya kwanta a mota, ko mahaucin da ya karɓi kaya bashi zai biya. A garinmu Mubi akwai maganin da aka daɗe ana yi wa irin wannan damuwa, ba a kemis ake sayensa ba. Sunansa majalisa.

Mubi gari ne na kasuwa a arewacin jihar Adamawa, kusa da iyakar Kamaru. Kasuwar shanunsa na cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan. Ana kawo shanu daga Kamaru da Chadi, a yi ciniki, a yi lodi, su nufi Kudu: Oko-Oba a Agege, Akinyele a Ibadan, Lokpanta a Abiya. Ranar kasuwa tun da sassafe mutum yana tsaye cikin rana da ƙura. Dillali yana neman la'ada, 'yan lodi suna jan igiya, mai shanu yana lissafin kuɗin mota da haraji. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya haura, riba ta ragu, lissafi ya ƙara tsauri. Mutumin da ya wuni a haka, idan ya shiga gida kai tsaye, da fushin kasuwa yake shiga, kuma iyali ne ke kwasa.

Yadda majalisa take

Bayan sallar Isha'i za ka ga an fara fito da benci da tabarma. A Lokuwa, Kolere, Yelwa, Wuro Gude, Shuware, kusan kowace unguwa da nata wuraren zama. Wasu a ƙofar shago, wasu a gindin bishiya, wasu a teburin mai shayi. Majalisa ba ta da rajista, ba ta da kati, amma kowa ya san tasa, kowa ya san ma gefen bencin da yake zama. Yawanci sa'o'in juna ne: waɗanda suka yi makaranta tare, ko suke sana'a ɗaya, ko suka taso layi ɗaya.

Abin da ake ci ba wani mai tsada ba ne. Shayi da burodi, indomi da ƙwai, tsire ko balangu idan aljihu da nauyi, rake ko gyaɗa idan babu. Wani lokaci a yi karo-karo, wani lokaci wanda kasuwa ta yi wa kyau ya ce, "Yau ni ne." Ba a rubutawa, amma ana lura. Wanda kullum shi dai ya ci, ba ya taɓa cewa yau ni ne, wallahi sai ya sha tsiya.

Sai ataya, wato shayin da ake dafawa a ƙaramar buta kan gawayi. Dahuwa uku ake yi masa: ta farko da ɗaci, ta biyu tsaka-tsaki, ta uku zaƙi. Kafin a kammala ukun nan an ci awa guda ko fiye. To wannan jinkirin shi ne amfaninsa. Yana zaunar da mutum, yana hana shi saurin tashi, har maganar da ke cikinsa ta samu hanyar fita.

Ranar da ake buga ƙwallon Turai kuma sai a kwasa zuwa gidan kallo, a biya kuɗin shiga, janareta yana ruri, a sha ihu. Ɗan Arsenal da ɗan Chelsea su yi ta musu kamar za a doku, a fito kuma a sha shayi kofi ɗaya. Wasu ludo suke bugawa, wasu dara, wasu labari kawai.

Me ya sa take sauke gajiya?

Na farko, magana. Damuwa idan ta zauna a ciki girma take yi. Abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa. Idan ka ce sa biyu sun mutu maka a hanya, akwai wanda zai ce shi bara uku ya rasa kuma ga shi yana nan da ransa. Asarar ba ta dawo ba, amma nauyinta ya ragu, don ka gane ba kai kaɗai ba ne.

Na biyu, dariya. Mubi gari ne na ƙabilu da yawa: Gude, Fali, Fulani, Margi, Higi, Hausawa, Barebari. A benci ɗaya za ka ji an gaisa da Fulatanci, an ci gaba da Hausa. Ga wasan barkwanci tsakanin Bafulatani da Babarbare, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya. A nan mai kuɗi da yaron shago duk ɗaya ne, ana tsokanar kowa. Mutumin da ya wuni ana ce masa Alhaji, da dare abokinsa na firamare zai kira shi da sunan da ake tsokanarsa da shi tun suna yara. Wannan ma hutu ne.

Na uku, labari mai amfani. A majalisa ake jin farashin shanu a Legas, da canjin sefa, da hanyar da ta lalace, da direban da ya kamata a kauce wa. A nan ake jin wane ba shi da lafiya, wane an yi masa haihuwa, a tsara zuwa dubiya ko suna. Idan aure ya taso wa ɗaya, 'yan majalisarsu ne abokan ango, su ne masu gudummawa.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, ana lura da juna. Idan mutum ya kwana biyu bai fito ba, za a kira shi, in bai ɗauka ba a je gida. Wanda ya zo ya yi shiru ba kamar yadda aka saba ba, wani zai ja shi gefe ya ce, "Malam, lafiya kuwa?" Turawa ma sun gano kaɗaici ciwo ne. A shekarar 2018 gwamnatin Birtaniya har minista ta naɗa don ta kula da matsalar kaɗaici. Mu kuwa benci da butar shayi sun daɗe suna mana wannan aiki.

Lokacin da Mubi ta rasa darenta

Mutanen Mubi sun san darajar wannan zama ne saboda an taɓa raba su da shi. A watan Mayun 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Adamawa da Borno da Yobe, aka sa dokar hana fita da dare. Ranar 1 ga Yunin 2014 bam ya tashi da yamma a unguwar Kabang, cikin mutanen da ƙwallo ta tara, aka rasa rayuka da dama. A ƙarshen Oktoban shekarar 'yan Boko Haram suka kame garin, jama'a suka watse, wasu Yola, wasu Kamaru, wasu kan duwatsu, har sai da sojoji da maharba suka ƙwato shi a watan Nuwamba. Ko bayan an dawo, hare-haren masallaci na Nuwamban 2017 da na 1 ga Mayun 2018 sun sa kowa yana tsoron taro.

A waɗannan shekarun da magariba ta yi kowa ya kulle ƙofa, kowa da tunaninsa. Shi ya sa da mai shayi ya dawo ya kunna fitilarsa, benci ya sake cika, mutane suka ɗauke shi alamar cewa gari ya dawo. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ƙara mana zaman lafiya.

Abin da ke ɓata majalisa

Ba kowane zama ne alheri ba, gaskiya ɗaya ce. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Akwai majalisar da ta koma wurin shan tiramadol da kodin, duk da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018. Akwai wadda cacar ƙwallo ta waya ta cinye, yaro ya zo da ribar wuni ya tashi babu ko sisi. Akwai ta gulma, wadda ba a tashi sai an ci naman wani. Akwai kuma wadda kowa ya sunkuyar da kai kan waya, mutum shida a benci amma kowa shi kaɗai.

Gane ta ba wuya. Idan ka tashi ka ji zuciyarka ta yi sauƙi, aljihunka bai yi kuka ba, ka isa gida iyali ba su yi barci suna jiranka ba, kuma ka samu sallar Asuba, to majalisarka mai kyau ce. Idan kuwa akasin haka ne, canja benci.

Ga mu da ke Kudu

'Yan uwa na Sabo a Ibadan, da Agege, da Mile 12, da Ama Hausa a Owerri, ku kun fi kowa buƙatar wannan. Da yawa sun bar mata da yara a gida, suna kwana a shago ko a kara, haya ta yi tsada, ga kuɗin da ake jira a aika Arewa duk wata. Irin wannan rayuwa idan babu wanda za ka yi dariya da shi, ita ke kawo hawan jini da saurin fushi.

Ba sai an kashe kuɗi ba. Mutum huɗu ko biyar da kuka yarda da juna, wuri mai haske wanda shugabannin unguwa suka sani, lokacin tashi sananne, kuma kada a takura wa maƙwabta da hayaniya, tunda garin mutane muke. A ajiye waya ko na rabin awa ne. Baƙon da ya sauko daga mota jiya, bai san kowa ba, a matsa masa a benci, a miƙa masa kofi. Wanda kuma aka ga damuwarsa ta wuce ta hira, ba ya barci, ba ya cin abinci, to a raka shi asibiti, kada a tsaya ga shayi.

Zumunci a ƙafa yake. Yau bayan Isha'i, ka duba waye cikin abokanka ka kwana biyu ba ka gani ba, ka taka ka je. Allah Ya ba mu sa'ar kasuwa, Ya mai da kowa gida lafiya.