Kafur a Akwatin Jariri: Gadon da Gwajin Aure Ba Ya Nunawa

Mai juna biyu ta taso daga Samaru ta haɗo kayan haihuwa a Kasuwar Sabon Gari, ta ninke su a akwati, ta watsa fararen ƙwayoyin kafur saboda kyankyaso. Idan jaririn ya zo da ƙarancin sinadarin G6PD, kafur ɗin da ya kama rigarsa ya isa ya farfasa masa jini.

Aikin wannan sinadari shi ne kare jajayen ƙwayoyin jini daga guba. Likitocin Amurka ne suka gano ƙarancinsa a 1956, da suka ga maganin zazzaɓi na primaquine yana narkar da jinin wasu mutane. Mutum kusan miliyan 400 ke da shi a duniya, galibi a ƙasashen sauro irin namu, domin yana ba da 'yar kariya daga zazzaɓin cizon sauro.

Gadonsa ba irin na sikila ba ne, wanda sai uwa da uba sun haɗu. Wannan yana bin ƙwayar gado ta X, namiji kuwa guda ɗaya gare shi, daga mahaifiyarsa. Shi ya sa ya fi kama maza. Uwar tana iya zama lafiya ƙalau, kuma ba laifinta ba ne. Gwajin AA da AS na kafin aure ba ya nuna shi. Gwajinsa daban ne, ɗigon jini kawai. Sai dai idan an yi shi lokacin da jinin ke fashewa yana iya cewa lafiya, domin sababbin ƙwayoyi sun fi tsofaffi sinadarin. A sake bayan kamar wata uku.

A jariri, da shawara yake bayyana. A fito da shi haske, a danna goshinsa da yatsa, a duba farin ido da dasashi. In an ga rawaya, musamman a ranar farko, ko ya ƙi kama nono, kada a jira suna, kada a tsaya ruwan gulukos ko shanya shi a hantsi. Shawarar da ta hau ƙwaƙwalwa tana barin kurumta ko nakasa ta har abada. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ana sa irin waɗannan jarirai ƙarƙashin shuɗiyar fitila, in ta yi tsanani a canza musu jini.

Lalle ma, kamar kafur, yana iya farfasa jinin, don haka kada a shafa wa jariri. Wanda aka tabbatar yana da ƙarancin G6PD ya riƙa faɗa wa likita kafin a rubuta masa kowane magani.